Ranar da Aska Ta Ci Mato

A shekarun da kumandan, Baturen mulki, yake aiko gardinsa, wato dogaransa, ƙauye-ƙauye suna ɗaure maza da igiya don aikin hanyar Maraɗi, akwai waɗanda suka ƙi. Sun bar gonakinsu suka shige dajin da ke kudu da tafkin Madarunfa, wajen Gabi, suna tare geron da ake kai wa bariki suna kwashewa. Mutum guda ne ya riƙe su wuri ɗaya, Mato ɗan tauri. Tun yana yaro ubansa ya yi masa wankan magani, ƙarfe ba ya cinsa. In gardi suka shigo daji, shi yake tsayawa gaba, ƙirji a waye, sauran su tsaya bayansa da kwari da baka. Wasu sun rantse sun ga takobi ya lanƙwashe a kafaɗarsa. Gardin ma labarin ya kai musu, ba su cika son yin nisa cikin kurmin ba.

Ba ƙarfe ne ya kayar da shi ba. Ƙayar aduwa ce ta shige masa tafin ƙafa ta karye a ciki.

Inde, yayarsa, ita ke kawo musu gishiri da labarin gari, tana fakewa da yin itace. Da ta iso ranar nan ta tarar da shi kwance gindin marke, ƙafar ta kumbura kamar tulu, ƙudaje suna binta. Ba ta sauke gatarinta ba ta juya Gabi, ta taho da Ɗan Azumi wanzami.

"Kai, Sarkin Daji," in ji wanzamin yana ajiye zabirarsa, "yau kai ne kwance kamar mai jego?"

"Zauna, ɗan aska," in ji Mato, yana murmushin ƙarfin hali. "In askarka ta karye kada ka yi mani kuka."

Ɗan Azumi bai taɓa aska ba. Ya fere ɓawon kara, don da shi ake yi wa 'yan tauri tsaga, tun da kara ba ƙarfe ba ne. Ya gwada ya sake gwadawa. Tafin ƙafar Mato kamar ƙirgin bijimi yake, ɓawon sai karyewa yake yi. Ya miƙe ya jawo Inde gefe.

"Inde, mugunyar tana can ƙasa kusa da ƙashi. Kin ga baƙin nan da ke hawa ƙwauri? In ya wuce gwiwa, sai dai haƙuri. Aska kaɗai ke kaiwa can."

"To sa mana."

"Ni? Ga ɗan tauri? Ko ta karye, ko ta juyo kaina. Sai in an warware shi."

Inde ta waiwaya ta dubi ƙanenta. Ita ce ta riƙe ƙwarya ranar da ubansu ya yi wankan, ta kuma ji abin da ya ce a ƙarshe. Ruwan da aka tsoma ƙarfen da ya yi ja a wuta a ciki, in Mato ya sha ko da kurɓi ɗaya ne, taurin ya tafi, ba ya dawowa. Yanzu da uban ya mutu, daga ita sai Mato suka san haka.

Ta durƙusa kusa da kansa ta faɗa masa a hankali cewa sai an warware shi.

"Yaya, dubi su," in ji shi.

Ta duba. Ga Garba, na hannun damansa, yana gyara tsarkiyar baka. Ga sauran zaune cikin tsumma, wasu har yanzu da tabon igiya a wuya.

"Ran da sunka ga jinina jikin ƙarfe, ko ɗaya ba shi ƙara tsayawa. Ɗai-ɗai za a tsince su."

"In ka mutu fa?"

"In na mutu, ƙaya ta kashe ni. Ƙaya ba ta kumandan ba ce. Su ce ƙarfe bai taɓa cin Mato ba, su riƙe dajinsu."

"Ni na goye ka, Mato."

"Na sani, Yaya. Damo mani fura, wuyana ya bushe."

Ta tashi ta zaga bayan wata geza inda suke hura wuta. Ta daɗe tsaye. Ta tuna nauyinsa a bayanta shekarar da uwarsu ta rasu, yadda yake cizon kafaɗarta in yana jin yunwa. Sai ta zare kan gatarinta daga ƙota ta tura cikin garwashi. Da ya yi ja ta jawo shi da itace ta sake shi cikin ƙwaryar ruwa. Ya yi cuuu, tururi ya tashi. Ta waiga, ba wanda ya ji. Da ruwan nan ta dama furar.

Mato ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ya ga gindin ƙwarya. Ya lashi leɓe, ya sake lasa. Sannan ya ɗaga ido ya dube ta, ita kuma ba ta kawar da nata ba.

"Ɗan Azumi," ta ce da ƙarfi, kowa yana ji, "an warware shi. Sa askarka."

Mato ya yunƙura zai tashi, zazzaɓi ya mayar da shi ƙasa. Inde ta haye ƙirjinsa ta danne. Wanzamin ya yi bisimilla, ya ɗora aska. Ta shige kamar cikin kabewa. Mugunya ta tsarto, bayanta baƙin jini, bayansa guntun ƙayar da bai kai gaɓar yatsa ba.

Mato bai yi ƙara ba. Garba ya matso, ya sunkuya ya dubi jinin da ke jikin askar, ya daɗe yana dubawa, sannan ya koma ya zauna.

Ƙafar ta sace, baƙin ya sauka. Kafin miki ya rufe, daji ya fara yoyewa. Wasu suka ƙetara ƙasar Katsina, wasu suka koma gida aka kama su a bakin rumbunansu. Garba ne ya tafi a ƙarshe. Ya ajiye wa Mato salkar ruwa da ɗan gero, ya ce, "Mai gida, sai wata rana," bai jira amsa ba. Inde ta ci gaba da zuwa. Mato yakan karɓi abin da ta kawo ya ci, amma bai ƙara ce mata komai ba.

Labari ya riga ya kai bariki. Da gardi suka zo, suka tarar da mutum ɗaya. Ya miƙe yana ɗingishi, ya tuɓe riga ya tsaya musu kamar yadda ya saba. Wani daga cikinsu ya taɓa shi da tsinin wuƙar bindiga, a hankali, kamar mai gwada ɗanyen tuwo. Jini ya fito. Suka bushe da dariya.

Ta cikin Gabi suka biyo da shi da hantsi, igiya a wuya. Inde tana bakin rijiya, guga a hannu. Matan da ke wurin suka sunkuyar da kai. Da ya zo daidai da ita sai ya rage tafiya, har igiyar ta miƙe.

"Ga ƙafar taki nan, Yaya," ya ce. "Tana tahiya."

Gardin ya fizgi igiya. Inde ta tsaya tana kallon sawunsa a rairayi, ɗaya cikakke, ɗaya rabi, har suka sha kwanar hanyar Maraɗi.