Irin Gwaggo Tsahara

Jiya bayan la'asar na ɗan kishingiɗa a kan bencin ofis, sai wani mafarki ya kama ni, har yanzu bai sake ni ba.

Ni ne malamin gona na Garin Marke. Da bakin nan nawa na ce wa mutane bana gwamnati za ta kawo ingantaccen irin gero, tsohon nasu su daka su sha. Gwaggo Tsahara, tsohuwar da ke ciyar da marayu huɗu, ita ce ta ƙarshen yarda. Ta sauko da zangarkun da take ratayewa a saman murhu, waɗanda ko a shekarar yunwa ba ta taɓa su. Ta dama fura, har da aiko mini da tawa. Wannan kam ba mafarki ba ne.

A mafarkin sai ga ni a ma'aikatar rabon iri. Mai gadin wurin gara ce, tana cin ƙofar da take gadi.

"Shige da sauri," in ji ta, "kafin in ƙarasa."

Daraktan kuwa tsuntsun jan-baki ne, ya sha babbar riga da tabarau, yana tsattsagar abu a faranti.

"Ranka ya daɗe, irin Garin Marke na zo karɓa."

"Muna gwada shi," ya ce, baki cike. "Ba ma ba talaka abin da ba mu ɗanɗana ba."

"Saura buhu nawa?"

"Saura farantin nan. Gwaji na tafiya lafiya lau."

Ya tura ni ofishin damina. A can wani bunsuru ya buga hatimi, ya ce an ɗage damina sai kwamiti ya zauna. Na leƙa ta taga, sai ga ruwa yana fita daga ƙasa yana hawa sama, kowane ɗigo na bin layi. Abin kunya, wallahi daɗi na ji. Muddin sama ruwan ya nufa, ba mai tambayata iri.

Sai ga ni a gona. Manoma sun jeru suna shuka takardun cikewa, uku a kowane rami. Takardun suka tsiro nan take, suka fid da kai, wani ƙadangare ya ɗauki hoto, aka yi tafi.

Can gefe Gwaggo Tsahara ce ita kaɗai. Ta sara da sungumi, ta sa hannu a ƙwaryar da ba komai a ciki, ta jefa, ta rufe da diddige.

"Gwaggo, me kike shukawa?"

"Maganarka, ɗan nan. Ita kaɗai ka ba ni."

Na zura yatsa a maƙogwaro don in dawo mata da furar da na sha. Takarda ce kawai ke fitowa, kowace da sa hannuna. Na yi ta kakari ina kuka, ita kuwa ko waigowa ba ta yi ba.

Ƙwas. Ƙwas-ƙwas.

Na buɗe ido. Kwanon rufin ofis ne ke ƙara. Ruwa ne, na gaske, mai saukowa ƙasa, irin wanda washegari da sassafe kowa zai fita shuka. Ɗakin ajiyar iri na bayana a buɗe, ba komai ciki sai tsintsiya.

Ban gama sa hula ba na ji sallama a bakin ƙofa.

"Malam, ka ga Allah ya kawo ruwa," in ji Gwaggo Tsahara, a jiƙe sharkaf, tana murmushi. "Ga ƙwaryata na zo da ita."