Titin da Bai Bi ta Kwari Ba

Ranar da Darakta ya tara su a ofishinsa, bai ce wa kowa ya zauna ba. Su huɗu ne daga sashen taswira na ma'aikatar filaye, kuma su kaɗai ke ganin layin sabon titi kafin gwamnati ta sanar. Darakta ya shimfiɗa taswira a kan tebur, ya danne gefe ɗaya da kofin shayi, ɗaya gefen da wayarsa, ya ɗora yatsa a kan jan layin da suka ja bara.

"Wannan titin, kafin a faɗa a rediyo an saye filayen gefensa kaf. Na ce sa'a ce. Wannan ma," ya matsar da yatsan, "haka aka yi. To ni ban yarda da sa'ar da ke bin jan biro ba. Daga cikinku maganar ke fita."

 Darakta ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, har ya tsaya a kan wanda duk ma'aikatar ke kira Safiyo, domin shi ya fi kowa daɗewa yana fita daji da na'urar awo mai ƙafa uku.

"Wai wan matarka ba dillalin filaye ba ne?"

"Shi ne, ranka ya daɗe."

"To," in ji Darakta, ya fara naɗe taswirar. "Tambaya ce kawai."

Tambayar nan ita ta bi Safiyo har gida. Shi dai ya san bai taɓa faɗa wa kowa komai ba. Amma a kan babur, yana ratsa cunkoson yamma, sai ya kama kansa yana lissafin abin da bai taɓa lissafawa ba. Wan matar tasa, wanda yara ke kira Kawu Fuloti, mutum ne mai faram-faram da ƙaton tumbi, ba ya shigowa gidan hannu rabbana. Kuma duk zuwan da zai yi sai ya daki kafaɗar Safiyo ya ce, "Mijin ƙanwata, bana ina za ku ja mana layi?" Su yi dariya, a wuce wurin. Shekara da shekaru ana wannan wasa. Yau da Safiyo ya tuna shi, ko kusa bai ji dariya ba.

Yana shiga gida matarsa, Malama, ta ɗaga kai daga littattafan 'yan ajinta da take dubawa, ta kalli ƙafarsa.

"Sannu da zuwa. Yau kuma wane gefe kuka je? Dubi jar ƙasa har idon sawu."

 Gefe ɗaya ne tak a duk kewayen garin ke da jar ƙasa irin wannan. Ashe ba sai ya buɗe baki ba, takalminsa ma ya isa ya ba da labari.

"Nan kusa ne," ya ce, ya wuce ciki.

Daga ranar ya fara wanke takalminsa a famfon ofis kafin ya taso. Ya sauya lambobin buɗe wayarsa. In Malama ta fita tsakar gida tana waya da yayanta, sai ya rage sautin talabijin ya kasa kunne. Abin da yake tsinta bai wuce zancen ciwon ƙafar wata gwaggonsu da kuɗin makarantar yara ba, amma ko wannan sai ya ga kamar da gangan ake ɗaga murya a kansa. A ofis ma haka abin ya zama. Abokan aikinsa uku sun daina barin kwamfuta a kunne in za su je bayi, kuma in ya shigo sai hira ta mutu.

Da abin ya ishe shi, sai ya yanke shawarar ya gwada.

A bayan tsohuwar masana'antar bulo akwai wani kwari mai faɗi, da rani ka gan shi shimfiɗe kamar filin ƙwallo. Safiyo da kansa ya auna shi shekarun baya, ya kafa turakun siminti a kusurwoyinsa. Filin gwamnati ne da aka ware don ruwan damina ya sami hanyar wucewa, kuma ba a ba kowa takardar mallaka a cikinsa. Titi na uku da suke zanawa kuwa can arewa zai bi, ko kusa da kwarin ba zai zo ba.

Wata Asabar da hantsi, yara sun fita, yana zaune a falo da Malama, sai ya yi ajiyar zuciya kamar wanda aiki ya gajiyar.

"Wallahi wannan sabon titin ya sha mana kai. Ta kwarin bayan masana'antar bulo za a bi da shi, za a cike wurin gaba ɗaya. Duk wanda ke da fili a nan ya warke." Ya ɗan dakata. "Amma don Allah ki riƙe a cikinki. Ko Yaya kada ya ji."

Malama ta dube shi da mamaki, don bai saba kawo mata zancen ofis ba.

"Ni ina ruwana da titi? Ka dai ci abincinka ya huce."

Ƙofar ɗakin Inna, mahaifiyarsa, tana buɗe a gefen falon, labule kawai aka saki. Bai damu ba. Inna ta daɗe tana cewa kunnenta ya yi nauyi, sai an maimaita mata magana sau biyu.

Sai ya zauna jira. Kowace safiya ya leƙa wurin masu karɓar buƙatun jama'a, ya tambaya a fakaice ko wani ya zo neman bayani a kan filayen bayan masana'anta. Babu. Har ya fara jin kunyar kansa, har ya sayo wa Malama atamfa ba tare da wani dalili ba. Sai wata rana da suka taso daga awo ya ce wa direba ya bi ta wajen kwarin. Tun daga nesa ya hango su: sababbin bulo, an jera uku-uku a kusurwa huɗu, an shafa musu farin fenti, a tsakiyar kwarin sosai, inda ruwa ya fi zurfi da damina.

Ya sauka ya zagaya su. Simintin da aka ɗaure su da shi ko gama bushewa bai yi ba. Abin ya yi masa ɗaci, amma a ƙarƙashin ɗacin akwai wani ɗan daɗi mara kyau, irin na wanda zarginsa ya tabbata. A gida ya daina cin abinci tare da Malama. In ta tambaye shi lafiya, ya ce lafiya. Yana ta shirya kalmomin da zai faɗa mata, yana rushewa.

Bai gama shiryawa ba Kawu Fuloti ya zo har ofis, da tsakar rana, da babbar rigarsa da tumbinsa, ya tsaya a ƙofar sashen taswira ya yi sallama da ƙarfi. Abokan aikin Safiyo suka ɗago kai a tare. Ɗaya daga cikinsu ya miƙa hannu a hankali ya kife takardar da ke gabansa.

Safiyo ya ja shi waje, can ƙarƙashin bishiyar da ake ajiye babura.

"Yaya, me ya kawo ka nan? Ka san abin da zuwanka zai ja mini?"

"Na kira ka ba ka ɗauka, na je gida ba ka nan. Tambaya ɗaya na zo yi maka. Kai ka ce wa Inna ta sayi fili a kwarin bayan masana'anta?"

"Wace Inna?"

"Inna nawa gare ka? Ta zo shagona ita kaɗai a a-daidaita, ta ce in nemo mata fuloti a kwarin. Na ce Inna, wurin nan hanyar ruwa ce, filin gwamnati ne, duk mai sayar miki da shi ɓarawo ne. Ta ce ɗanta ya fi ni sanin ƙasa. Ta sa na rantse ba zan gaya maka ba, wai so take ta ba ka mamaki. Na ɗauka ta haƙura. Jiya nake jin ta je wurin wani ɗan damfara, ta sayar da gonarta ta gado ta ba shi. Ni dai na karya rantsuwar, na yi kaffara daga baya."



"Wai da gaske titin ta can zai bi?" in ji Kawu Fuloti. "Kada ka gaya mini inda zai bi, ba na so. Ka ce mini dai tsohuwar nan ba ta yi asara ba."

"Ba ta can zai bi ba."

"To don me ka faɗa?"

 Kawu Fuloti ya daɗe yana kallonsa, sai fuskarsa ta fara sauyawa a hankali. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa a ciniki, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

"Au," ya ce. "Ni aka ɗana wa tarko." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba. "Ta bakin ƙanwata. Madalla, Safiyo. Allah ya yi maka albarka."

Ya juya ya tafi, ko hannu bai ba shi ba. Da Safiyo ya ɗaga kai, sai ya ga Darakta a tagar bene yana kallonsa.

Inna tana zaune a bakin gadonta tana jan carbi lokacin da ya shiga ya durƙusa. Bai ƙarasa tambayar ba ta murmusa, ta ce wannan dillalin ba shi da ciki. Ta ɗaga katifa ta zaro wata takarda da aka rubuta da hannu, da sa hannun shaidu biyu da ba wanda ya san su.

"Shekara nawa kana auna wa mutane fili, kai kana gidan haya? Na ji ka da kunnena. Na ce wannan karon dai ba za a bar ɗana a baya ba. Kai aikinka ya hana ka saye, ni wa zai hana ni?"

"Inna, ba gaskiya na faɗa ba."

"Me ka ce?"

Wannan karon ya san ta ji sarai, amma ya maimaita.

Carbin ya tsaya a hannunta. "Ƙarya ka yi? A cikin gidanka, kana zaune da matarka? To wa kake yi wa?"

Labule ya motsa. Malama ce tsaye da farantin abincin Inna a hannu. Ta shigo ta ajiye shi a kan tebur a hankali, ta gyara cokali, sannan ta juyo.

"Ni yake yi wa, Inna." Ta dubi mijinta. "Shi ya sa kake dawowa da takalmi a jiƙe. Ni ina ta cewa ko famfon ofishinku ne ya fashe. Da ka tambaye ni mana, Baban yara. Da ka ce, ke, kina kai wa Yaya maganata? In ce maka a'a, ka yarda ko kada ka yarda. Amma ka zauna ka shirya mini magana kamar ɓarauniya?"

 Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma tafi gidansu ba, wanda da ta yi da ya fi masa sauƙi.

Kawu Fuloti ne ya bi sawun ɗan damfarar. Ya san inda irinsu ke zama, ya san wanda suke jin tsoro. Ya yi ta sintiri har ya ƙwato wani abu daga cikin kuɗin, sauran kuwa an riga an cinye. Ya aiko wa Inna da abin da ya samu ta hannun Malama. Gonar dai ta tafi, wanda ya saya ya riga ya kai taki.

A ofis ba a tuhumi Safiyo da komai ba. Takarda kawai ta fito cewa an mayar da shi ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli, a ƙasan bene, inda yake wuni yana kaɗe ƙura yana neman iyakokin filayen da masu su suka daɗe da mutuwa. Yana can aka sanar da titi na uku. Kafin sanarwar, an riga an saye filayen gefensa kaf, kamar na baya. Ya yi zaton za a kira shi a ce masa wani abu. Ba wanda ya kira shi. Ya dai ji cewa sauran ukun yanzu ko shayi ba sa sha tare, kuma ɗaya daga cikinsu ya fara cewa ai Darakta ma yana ganin taswirar.

Damina ta sauka, kwarin ya cika ya batse. Inna ba ta ƙara tayar da maganar ba. Malama kuwa tana yi masa duk abin da ta saba, sai dai in ya buɗe baki zai ce yau a ofis, ta miƙe ta ce bari ta duba tukunya.

Kawu Fuloti ya daina shiga gidan. In ya zo sai ya tsaya a waje ya danna hon, yara su fita da gudu su karɓo tsaraba. Da Safiyo ya ga abin ba mai wucewa ba ne, sai ya shirya wata Asabar ya tafi shagonsa ba da haƙuri.

Kawu Fuloti ya karɓe shi hannu bibbiyu. Ya ba shi kujerar da ta fi kyau, ya aika a kawo lemo mai sanyi, ya ce ai komai ya wuce, shi bai riƙe kowa ba. Suka yi hirar ƙwallo, suka yi ta tsadar siminti, har Safiyo ya fara sakin jiki. Ana cikin haka wani mutum ya yi sallama ya shigo, ya ce ya zo ne a kan maganar fulotin nan na jiya.

Kawu Fuloti ya dubi mutumin, ya dubi Safiyo. Ya miƙe, ya tura takardun da ke kan tebur cikin durowa, ya murza makulli, ya jefa shi a aljihu.

"Mu je waje mu yi magana," ya ce wa baƙon. Sannan ya waiwayo da fara'arsa. "Mijin ƙanwata, sha lemonka, yanzu zan dawo."