Sai Inna Ta Shafa

Daga asibitin Kazaure zuwa Roni, Haladu bai san yadda babur ya kawo shi ba. Dariya yake ta yi shi kaɗai, har masu tafiya a ƙasa na waiwayensa. Matarsa Sadiyya ta sauka lafiya, bayan shekarun da har dangi sun gaji sun daina tambaya. Ya ci alwashin ba wanda zai riga shi kai wa mahaifiyarsa albishir.

Yana faɗawa gida, takalmi ɗaya a zaure ɗaya a tsakar gida, Inna Tasalla na sallame la'asar. Duk unguwa an san halinta: in ta sallame, ko gobara ake sai ta gama zikirinta. Ka kuskura ka katse ta, daga istigfari za ta sake farowa, tana harararka.

Haladu ya durƙusa gefen tabarma, baki na ƙaiƙayi. Inna ta karanta Ayatul Kursiyyu, ta jawo carbi tana ja a hankali kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ya yi gyaran murya. Ko kallo bai ishe ta ba.

Can sai wayarta ta ɗau ƙara. Dela ce, ƙanwarsa da ya baro a asibiti, wadda zance ba ya kwana a bakinta! Ita kuwa Inna takan danna waya ta kara a kunne ta saurara, ba tare da ta ce uffan ba. Haladu bai yi wata-wata ba, ya zauna daram a kan wayar. Tana ta kuka a ƙarƙashinsa, shi kuwa ya haɗe fuska yana motsa leɓe, wai hailala yake.

Daga ƙarshe Inna ta ɗaga hannuwa. Bai taɓa zama kusa da ita haka a irin wannan lokaci ba, sai yau ya ji abin da take faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ya Allah, ka sauki Sadiyya lafiya. Kada ka bar Haladuna ya tsufa ba a kira shi Baba ba."

Dariyar ta maƙale masa, tausayinta ya kama shi. Ta shafa, ta juyo a fusace.

"Kai, tashi mini daga kan waya! Lafiyarka kuwa?"

"Inna," ya ce, "wannan ta ƙarshen an karɓa. Mace ce. Da magariba sai ki nemo wata addu'ar."