Hancin Gwaggo

Shekara tara ina kiwon tattabarun cibiyar bincike, a akurkin da ke kan rufin bene. Ni ke ba su hatsi, ni ke kwashe kashinsu, ni ke ɗaura musu 'yar na'urar da ke nuna inda suke a kwamfuta. Dakta, mai binciken, so take ta gane yadda tattabara ke samo gida daga inda ba ta taɓa zuwa ba. Wasu masana sun ce rana take bi, wasu sun ce maganaɗisun ƙasa. Dakta ta kafe a kan hanci. Wai iska na kawo warin kowace shiyya, tsuntsuwa ta haddace tun tana ƙarama.

Gwajin ba wuya. A ɗiga wa rabin tattabarun maganin da ke kashe hanci na yini guda, rabi a ɗiga musu ruwa, a kai su kilomita tamanin a mota, a sake su. Kuma masu 'ya'ya ake zaɓa, don su ne ba sa wasa a hanya. Wannan ne ya tsaya mini a rai. Mai hanci takan riga motarmu isowa. Marar hanci sai ta yi ta kewaya sama, ta miƙa inda ta ga dama, wata har abada. Ni ake bari da 'yan shila suna buɗe mini baki.

Akwai wata toka-toka mai tafiyar ƙasaita, ina ce mata Gwaggo. Ranar da lambarta ta faɗo cikin masu magani, 'ya'yanta kwanansu huɗu da ƙyanƙyashewa. Na juya wa Dakta baya na ɗiga mata ruwa. Kafin la'asar tana gida. Sabo turken wawa: na yi wa wata, na ƙara yi wa wata, har shekara biyu, ina jin kaina mai tausayi.

Sai lissafi ya ƙi fita. Kusan rabin waɗanda takarda ta ce ba su da hanci suna dawowa garas. Dakta ta rame a gaban kwamfuta, ƙarshe ta yanke cewa maganin ne ke sakin su a hanya. Ta nemi izini, aka ba ta: za a yanke jijiyar jin wari gaba ɗaya, yankan da ba ya warkewa. Ta rubuta tattabaru ashirin. Gwaggo ce ta farko, tunda sau biyar tana dawowa.

Sati guda ina haɗiye maganar. Da safiyar aikin, ta kunna fitila ta jera almakashi a faranti, sannan bakina ya buɗe.

"Dakta, ba maganin ne ya gaza ba. Ni ne nake ɗiga musu ruwa."

Da ta yi faɗa da na ji sauƙi. Ta zauna kawai, ta tambaye ni guda nawa, waɗanne ranaku. Na ce ban rubuta ba.

"Baba, da ka rubuta, da na ware su na ci gaba da ɗigon. Yanzu shekara biyu sun tafi a banza, kuma ba mai ƙara yarda da ɗigo daga gidan nan. Yanka ne kaɗai ba a yi masa ha'inci."

Na ce ta kore ni, ta ƙyale su. Ta ce korar tana nan tafe, amma a duk ginin ba wanda ya iya riƙe tattabara ba tare da ya karya mata fiffike ba sai ni. Gaskiya ta faɗa, kuma ban taɓa tsanar gwanintata ba sai ranar. Garin neman gira na rasa ido.

Na ɗauko Gwaggo. Ba ta ko motsa ba, ta kwanta a tafina ta lumshe ido, don ta san hannun. Ina jin bugun zuciyarta a yatsata har allurar barci ta kama ta. Aikin bai kai minti goma ba. Na kwantar da ita a kan tawul, na sa hannu cikin kwando na ɗauko ta biyu.