Madugu a Ƙasan Jeri

Souwaiba ta gama memuwar ɗinta, wato kundin kammala jami'a, kan ayarin gishirin Bilma, ta karanta wa kakanta, Madugu Zaharaddin, jerin waɗanda ta samo bayani wurinsu. Bisa tsarin haruffa, Abdu, tsohon mai jan raƙumansa, ya zo farko, shi kuwa ƙarshe.

"Ni a ƙarƙashin Abdu? Amarya, cire maganata duka!"

Rabin aikin kuwa maganarsa ce, ga shi jibi za ta miƙa. Idonta cike da ƙwalla ta ce, "Kaka, in ana jera gishiri, wane kantu ake sawa ƙasa?"

"Mafi nauyi mana."

Ya jawo takalmansa. "Bari in je in gaya wa Abdu dalilin zamansa sama."