Gwajin Kwamanda Sulaiman

"Baba, don Allah ka ba shi amsa," in ji Muhsinat, tana danne fushinta. "Shekarunka kawai ya tambaya."

Kwamanda Sulaiman ya harɗe hannuwa, ya kafe likitan da ke gwada ƙwaƙwalwarsa da ido. Tun lokacin yaƙin basasa, da yake jami'in leƙen asiri a rundunar sojan ruwa, ya koyi cewa ba a amsa tambayar wanda ba a sani ba. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, amma kai ka ce jiya aka rantsar da shi.

Yayyenta a Kaduna sun ce tsohon ya fara ruɗewa, ita kuwa ta dage cewa taurin kai ne kawai. Takardar likitan nan ce za ta raba gardama, ko ya koma gidansa yadda yake so, ko ya zauna wurinta a nan Dubai. Likitan ya gaji, ya yi rubutu mai tsawo, ya sallame su.

Da suka shiga abra, kwalekwalen da ke tsallakar da mutane zuwa Deira, ta kasa haƙuri.

"Haba Baba! Da ƙyar na samu hutun yau. Khalas, shi ke nan, yanzu ya rubuta ba ka tuna komai!"

"Wannan?" Tsohon ya yi tsaki. "Bahago ne. Agogon bangonsa ya yi gaba da minti huɗu. Kalmomi uku ya ce in riƙe: lemo, kujera, tsuntsu. Ɗakin kuma ƙofa biyu ne, ɗaya a bayan labule."

Muhsinat ta saki baki. Takaici da farin ciki suka haɗu suka cika mata ido da ƙwalla. Ashe ita ce da gaskiya! Nan take ta zaro waya za ta kira yayanta Haidar.

"To me ya hana ka faɗa masa?"

"Ban san wanda ya aiko shi ba."

Ya juya yana ƙirga jiragen dakon kaya da ke jere a bakin ruwa. Can ya waiwayo, ya dube ta da kyau, ya rage murya.

"Ke ma kina da kirki, 'yar nan. Amma tun safe kike bina. Wa ya aiko ki?"

Ta mayar da wayar cikin jaka, ta kama hannunsa don kada jirgin ya girgiza shi.