Wuƙar da Auta Ya Mayar

Bidiyon ba shi da tsawo, amma babu wayar da bai shiga ba a unguwar. Yaya ta kalle shi har idonta ya yi zafi, kuma duk sanda ta sake kunnawa sai ta sa ran wannan karon abin zai sauya.

A tashar mota ne, da rana tsaka. Wani mutum mai jar riga yana cacar baki da kwandasta, sai ya zaro wuƙa. Jama'a suka dare. Can sai ga Auta, ƙaninta, cikin kakin ɗaliban kwalejin 'yan sanda, don tashar aka turo shi aikin gwaji na shekarar ƙarshe. Ya matso, ya goce, ya cafke wuyan hannun mutumin ya murɗe, wuƙa ta dawo hannunsa. Tsaf, ko gumi bai yi ba. Har ana jin mai ɗaukar bidiyon yana ihu, "Kai! Yaron nan namiji ne!"

Sai Auta ya juya wuƙar, ya kama ta ta wajen tsini, ya miƙa wa mutumin ƙotar.

Shi kansa mai jar rigar sai da ya yi sororo. Ya dubi wuƙar, ya dubi Auta. Sannan ya karɓa, ya luma masa a gefen ciki, ya nutse cikin mutane.

Likita ya ce da wuƙar ta ƙara matsawa kaɗan, da sai dai labari. Yaya ta yi godiya ga Allah, amma hankalinta bai kwanta ba. Ita ta raini yaron nan tun rasuwar mahaifiyarsu, ita ta wanke shi, ta kai shi makaranta, ta zane shi ranar da ya dace. Ta san ƙaryarsa, ta san gaskiyarsa. Wannan kam ba ta san inda za ta ajiye shi ba.

"Auta, dube ni," ta ce masa a gadon asibiti. "Ka san mutumin nan?"

"Ban san shi ba, Yaya."

"To me ya kai ka? Ka ƙwace abu, ka mayar?"

"Wallahi ban sani ba. Hannuna kawai na ga ya tafi."

Ya juya fuska bango, hawaye na gangara cikin kunnensa.

Mutane kuwa, Allah ya ba su baki, ba su rasa bayani ba. Maƙwabciyarta ta ce ƙwaya ce, yaran yanzu ba a shaidarsu. Mai shagon bakin layi, wanda ko kaza bai taɓa kamawa ba, ya zauna yana koya wa jama'a yadda ake kama ɗan daba. Maigidanta ma, da yake son yaron, cewa ya yi, "Ki shirya zuciyarki kawai. Duk wanda ya ga bidiyon nan cewa zai yi bakinsu ɗaya."

Abin da kwalejin ta ce ke nan. Mataimakin kwamanda ya kira ta ofishinsa, wani dogon mutum mai magana a hankali kamar ba ya son kalmomin su ji ciwo. Ya ce kwamiti zai zauna gobe, kuma ba zai ɓoye mata ba, kora ce, daga nan a miƙa shi ga masu bincike kan zargin haɗa baki da mai laifi.

"Ranka ya daɗe, wane haɗa baki? Abokin haɗa bakinka ne zai farke maka ciki?"

"Hajiya, na tambayi kaina wannan. Yaron yana cikin na gaba-gaba a ajinsu. Amma ki ba ni dalili ɗaya da zan kai wa kwamiti. Ɗaya tak."

Ba ta da shi. Ta ce a ba ta kayansa ta tafi. Ya ce zai raka ta ɗakin kwanan ɗalibai da kansa, wataƙila don kunya.

Hanyar ta bi ta gefen zauren motsa jiki, wani babban ɗaki mai rufin kwano da tagogi a buɗe. Tun daga nesa take jin usur da ƙarar jiki yana faɗuwa kan katifa. Da ba za ta leƙa ba, don ba ta da marmarin ganin 'ya'yan wasu da ƙoshin lafiya cikin kakin da ƙaninta zai rasa. Amma ido ba ya shawara.

Ɗalibai ne sun cika zauren, biyu-biyu, suna fuskantar juna. Ɗaya riƙe da wuƙar roba, ɗaya hannu sake. A tsakiya wani gajeren dattijo mai faɗin ƙirji yake zagayawa da usur a baki. Ya busa. Masu wuƙa suka kawo sara, abokansu suka goce, suka cafke, suka murɗe, wuƙa ta sauya hannu. Sannan kowanne ya juya ta, ya miƙa wa abokinsa ƙota, suka koma tsayuwa.

Usur. Goce, cafke, murɗe, miƙa.

Usur. Goce, cafke, murɗe, miƙa.

Yaya ta yi mutuwar tsaye. Tsigar jikinta ta tashi tun daga ƙeya har tafin ƙafa.

"Wane ne wancan?" ta tambayi mataimakin kwamanda.

"Malaminsu na kare kai. Guduma suke ce masa. Ni ma shi ya koyar da ni."

"Kullum haka suke yi?"

"Kullum, tun daga shekarar farko. Sai hannu ya iya ba tare da ya jira kai ba. Hajiya, ta nan ne hanya."

Ba ta bi hanya ba. Ta tura ƙofar zauren ta shiga da takalminta har kan katifa, abin da ko kwamanda ba ya yi. Usur ya faɗo daga bakin Guduma ya tsaya a ƙirjinsa.

"Baiwar Allah, lafiya? Nan ba wurin baƙi ba ne."

"Ni ce yayar Auta."

Fuskarsa ta sauya. Ya ce ya ji abin da ya faru, kuma ransa ya ɓaci fiye da na kowa, don bai taɓa samun ɗalibi mai tsabtar hannu kamarsa ba. "Ƙwacen nan da ya yi, ko ni iyakar abin da zan yi ke nan. Abin da ya biyo baya ne ban san inda ya samo shi ba. Ba a nan ba dai."

"A nan ya samo shi, Malam."

"Kamar yaya?"

"Me ya sa suke mayar da wuƙar?"

Ya dube ta kamar ta tambaye shi me ya sa ake rufe ƙofa. "To in ba su mayar ba, da me za a sake? Wannan ai ba ya cikin darasi. Darasi ya ƙare a murɗewa. Mayarwa don kada a ɓata lokaci ne kawai."

"Shi hannun wa ya faɗa masa inda darasi ya ƙare?"

Wasu ɗalibai suka yi ƙasa da kai suna danne dariya. Guduma ya haɗe rai. Ya ce shekarunsa a wannan zaure sun fi na wasu a duniya, kuma yana tausaya mata, amma baƙin ciki ba ya mayar da mutum malami. Mataimakin kwamanda ya matso yana cewa, "Hajiya, don Allah, mu je."

Ita kanta ba ta san sanda ta yanke shawara ba. Wata ɗaliba ce kusa da ita, riƙe da wuƙar roba. Yaya ta fizge, ta yi kan Guduma da ita da dukkan haushin da ta kwana da shi a asibiti, ta kai masa suka a ciki.

Ba ta ga abin da ya faru ba. Ta ji dai wuyan hannunta ya yi zafi, gyalenta ya zame, yatsunta sun buɗe da kansu. Dattijon ko numfashinsa bai sauya ba. Yana cikin faɗa ma, "Ke wace irin mace ce, za ki ji wa kanki ciwo a banza!"

Sai ya ga ba shi take kallo ba. Ƙasa take kallo, tsakaninsu.

Ya bi idonta. Hannunsa ne a miƙe, ya kama wuƙar ta wajen tsini, ƙotar na taɓa tafin hannunta.

Zauren ya yi tsit, har ana jin kwanon rufi yana ƙara saboda rana. Guduma ya tsaya yana kallon hannun kamar na wani ne aka ɗaura masa. Mataimakin kwamanda ya ce, "Innalillahi," a hankali, ya cire hularsa, ya dubi nasa hannun na dama ya sa shi a aljihu.

Yaya ba ta ji daɗin nasara ba ko kaɗan. Tsoro ta ji, don ta waiga ta ga yawan yaran da ke tsaye a zauren.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "ka ce in ba ka dalili ɗaya."

"Na gani, Hajiya. Da idona na gani. Babu mai korar ƙaninki."

Guduma ya saki wuƙar ta faɗi kan katifa. Ya zauna a ƙasa daɓas, a gaban ɗalibansa, ya ɗago kai ya dubi mataimakin kwamanda da jajayen idanu.

"Yallaɓai," ya ce, "waɗanda muka yaye fa? Duk suna kan titi."